Ba Zan Maido Yaunin Fakku Ba

Zuwa ga Shugaban Shirin Kiwon Yauni na yankin Tambuwal da Kebbe.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya.

Ni ne Umaru, masuncin da ka ɗauka tsaron ramukan kifi a Kebbe, ka kuma kora. Daga Kudu nika rubuto maka, inda nake wanke ramukan tarwaɗar wani don in ci abinci. Takardarka ta iske ni: wai in sa hannu cewa sakacina ya kashe kifin, in maido waɗanda ke ramin yayata Hajo a Fakku, sai a mayar da ni aiki. A gaban jama'a aka ɓata sunana, don haka a gabansu zan amsa.

1. Ban hana maka gaskiyarka ba. Yauni ya kusa ƙarewa a gulbinmu. Mahaifina kan kamo mai tsawon mutum, 'ya'yana kuwa ba su taɓa ganin sa cikin komar kamun kifi ba. Kai ka fara tunanin kiwonsa, Allah shi saka.

2. Rami fuɗu muka raba 'ya'yan kifin, kowane da sarari, suna ci suna girma. Da aka ce baƙi za su zo daga birni, ka ce a tattara su rami ɗaya don ruwa ya yi baƙi da kifi, hoto ya yi kyau. Na gaya maka yauni ba tarwaɗa ba ne, ba ya son maƙwabci. Ka ce kwana biyu ne. Na bi umarni, da hannuna na kwashe su. Wannan laifina ne, kuma shi kaɗai na yarda da shi.

3. Baƙi sun tafa sun tafi. Ramuka ukun nan kuwa aka zuba musu tarwaɗa, tunda ita ke da kasuwa. Yauni suka daina ci, suka koma cizon wutsiyar juna. Kullum da safe gawa nika tsamewa.

4. Talatin da suka jigata ka ce in zubar. Ban zubar ba. A bokiti na kai su Fakku bisa babur. Hajo ba ta da abincin kamfani, sai ƙananan kifin fadama da sarari. Bakwai sun mutu. Sauran yanzu sun wuce kamu guda, naka kuwa an ce har yau suna taƙi ɗaya. Uwarsu ɗaya, ranka shi daɗe, ranar ƙyanƙyasarsu ɗaya.

Roƙona uku ne. Ka raba na hannunka tun da sauran masu rai. Ka janye maganar sakaci. Ka aika a auna na Fakku da naka da igiya ɗaya, a faɗa wa jama'a abin da aka gani.

Aikin ina son sa, wallahi na gaji da baƙunta. Amma ba zan sa hannu ba, kuma ko ɗaya ba zai koma ramin nan ba. Na riga na gaya wa Hajo: in ruwa ya cika bana, ta kira dattawan masunta su sake su cikin gulbi. Mai son hoto ya same su can.

Allah shi ba ka lafiya, shi sa ka gama da shirin nan da mutunci.

Wassalam.

Umaru, tsohon mai tsaron ramuka.