Ƙararrawar da Ba a Gwada Ba

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe goma da minti ashirin na safe. Ina teburin falo, Umma ta tafi awon hawan jini.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki da zaman kaɗaici a tashar ruwa. Umma lafiya, matarka Anti lafiya, 'yarka ta zubar da haƙorin gaba.

Direban motar da ke kai muku maganin ruwa ya kawo min amsoshin gwajinka ranar Laraba. Na duba su sau uku. Cikin tambayoyi arba'in na sashen manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, ka ci ashirin da huɗu, ana neman ashirin da takwas. Saura kwana ashirin da shida a yi jarrabawar ƙarin girman. Kai ka ce min wannan ce jarrabawa ta uku, kuma ba a ba da ta huɗu. In ka ci, a dawo da kai babban ofis cikin gari, ka daina ganin iyalinka sau ɗaya a wata.

Tambayoyin "da" da "ko" da na kore magana ba su ba ka wahala ba. Cikin sha shidan da ka faɗi, sha ɗaya iri ɗaya ne, wato na "idan kaza, to kaza". Ga misali daga aikinka: idan matsin ruwa ya wuce jan layi, to ƙararrawa za ta buga.

1. Ya wuce, ta buga: gaskiya.
2. Ya wuce, ba ta buga ba: ƙarya.
3. Bai wuce ba, ta buga: gaskiya.
4. Bai wuce ba, ba ta buga ba: gaskiya.

Kai kana sa wa na uku da na huɗu ƙarya, kowane lokaci. Na duba littafi huɗu, duk haka jadawalin yake. Don Allah ka haddace shi kawai.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka

*

Talata, bayan la'asar

Auta, farfesar gidanmu,

Na amsa sallama. Ki gaida Umma, ki ce wa Antinki ina nan da raina. Ki yi haƙuri, takarda ta ƙare min, fom ɗin rahoton aiki na juya na rubuta a bayansa.

Shekarata sha huɗu a gaban injinan nan. Ƙararrawar da ban gwada ba, ba na rubuta mata "lafiya", ko manaja ne ya tsaya a kaina. Mutumin da na gada a nan shi ne mai layinki na huɗu. Matsi bai tashi ba, ƙararrawa shiru, sai ya rubuta lafiya lau. Wata shida yana haka, ashe ɓera ya cinye wayar tuntuni. Ranar da matsi ya tashi bututu ya fashe, unguwa uku suka yi kwana huɗu ba ruwa. Yanzu kin zo da digirinki ɗanye, tawadar ma ba ta bushe ba, kina ce min shi ne mai gaskiya.

Na ukun ma abin dariya ne. Shekaran jiya ƙadangare ya shiga akwatin wuta, ƙararrawa ta yi ta ihu ba dalili, na fito da sabulu a ka. Wannan ma gaskiya ce?

"Ka haddace kawai." Ni da na koya miki ɗaura igiyar takalmi! In sai na rubuta abin da na san ƙarya ne zan ci, su riƙe kujerarsu.

Yayanki

*

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe tara da rabi na safe. Ɗakin ɗinkin Anti, tana kan keke.

Yaya,

Assalamu alaikum, da gaisuwar ban girma. Ka yafe min. Makon jiya motar ta tafi ba wasiƙata. Na rubuta uku na yage, don duk ukun maimaita littafi suke yi. Na ɓatar mana da kwana bakwai, saura sha biyu.

Jiya na kawo wa Anti wasiƙarka. Ta karanta, ta ce, "Ke yau kika san taurin kan yayanki? Ni da shi nake aure." Sai ta juya takardar tana neman inda za ta rubuta awon riga, ta ce, "Wannan kuma na mene ne?" Sai a lokacin na karanta fom ɗin. Gurbi uku ne: abin da mai haɗa na'ura ya yi alkawari, abin da ya faru, sannan "Ya saɓa? E ko a'a."

Yaya, jadawalin nan gurbi na uku kawai yake tambaya. Ba ya tambayar lafiyar ƙararrawa. Ni ce na kasa faɗa maka haka, don ni ma ban taɓa tambayar dalili ba. Haddacewa na yi na ci jarrabawata.

Ka ɗauki fom huɗu. Alkawarin mutumin ɗaya ne: idan matsi ya wuce, za ta buga. Ranar da ya wuce ta buga, ya saɓa? A'a. Ranar da ya wuce ta yi shiru? E, ka kai shi ƙara. Ranar ƙadangare? Ka ji haushi, amma bai taɓa cewa ba za ta buga don wani dalili ba. Ranar da babu abin da ya faru? Ba ka da abin da za ka rubuta a kansa. Duk inda ka sa "a'a", nan littafi yake sa "gaskiya". Ma'anarta ke nan, ba ta wuce haka ba.

Wanda ka gada kuwa, manɗiƙi ma bai wanke shi ba. Daga "ba a saɓa yau ba" ya tsallaka zuwa "na'ura lafiya lau", kuma babu ƙa'idar da ta yarda da wannan tsallen. A kansa kai ne da gaskiya.

Na haɗo tambayoyi ashirin. In ranka bai huce ba, ka amsa su a fusace, zan karɓa.

Da girmamawa,
Ƙanwarka

*

Talata

Auta,

Gaisuwa. Na cika fom huɗun, har na sa hannu. Ranar ƙadangare na daɗe da biro a sama, amma gaskiya mutumin bai yi min wannan alkawarin ba. Da tun farko haka kika ce! Ga ashirin ɗinki. Ki ce wa Antinki na ji abin da ta faɗa, za mu haɗu.

Yayanki

*

Talata, 1 ga Afrilu

Auta,

Ina gaishe ku duka. Na sami saƙonki cewa na ci sha takwas cikin ashirin, shi na riƙe na shiga zaure ranar Asabar. Daga cibiyar horon da aka yi jarrabawar na wuce tashar ruwa kai tsaye, don babu wanda zai riƙe min aiki.

Tambayoyin "idan" tara suka fito. Kowacce sai na tambayi kaina, "Ya saɓa?" Ashe a fili nake faɗa. Mai sa ido ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, wa ya saɓa maka? Ka bari a tashi ku sasanta." Zaure ya kwashe da dariya. Takwas na tabbata da su. Ta talatin da ɗaya ce ta zo da kore magana har biyu a cikin baka-biyu, na goge amsa sau biyu, ban san wacce na bari ba. Na gama saura minti shida. Sau biyun baya, lokaci ne yake tashina.

Allah Ya yi miki albarka.
Yayanki

*

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe goma saura kwata na safe.

Yaya,

Amin, da gaisuwa. Na karanta wa Umma, ta sa na maimaita wurin mai sa ido. In ka riƙe ashirin da huɗun da ka saba ci, ka ƙara takwas, talatin da biyu ke nan. Na ce "in". Ga abin da ban sani ba:

1. Ranar da sakamako zai fito. Na je ofis, sakatare ya ce "cikin watan gobe".
2. Ko bana ma ashirin da takwas ake nema.
3. Amsar da ka bari a ta talatin da ɗaya.
4. Ko daidai ne da Anti ta fara kwashe kayan ɗinki daga rabin kabad ɗinka, wai don dawowarka. Na ce ta jira, ta ce in je in faɗa wa littafi.
5. Abin da zan rubuto maka Litinin mai zuwa, tunda darasi ya ƙare. Amma ka ce wa direba ya tsaya ta gida.

Ƙanwarka