Sunana a Kwandon Sadaka

Klaten, 12 ga Maris, 1995

Zuwa ga Yayata Ponirah,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kun yi ƙaramar salla lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar nan? Mu nan lafiya lau, sai dai zuciyata da ba ta zauna wuri ɗaya ba.

Kin tuna Lasmi, wadda mijinta ke gyaran kekuna, suka kama haya a bayan gidanmu? Shekara biyu tana shigowa madafina tana "Gwaggo, nuna min wannan, Gwaggo, nuna min wancan." Ni kuwa da bakina na yi ta zuba kamar famfo. To, yanzu ta buɗe sana'arta, taku goma daga ƙofata.

Ba sana'ar ce ta dame ni ba, kowa da rabonsa. Rawar kan ce. Ta sa an sassaƙa mata hatimi, duk ƙunshin da ya fita daga hannunta sai ta buga masa "Girkin Lasmi", har da zanen fure. Ta ajiye kwalaben soye-soyenta a kowane shago daga nan har tashar mota. Ranar adashin matan unguwa ta zo da faranti biyu, wai kyauta, a ɗanɗana. Masu keken haya ma ba ta bar su ba, kullum da safe sai ta miƙa musu ɗan abin taɓawa, su kuma duk fasinjan da ya tambayi inda ake abinci mai kyau, sai su sauke shi a ƙofarta. A ƙofata suke wucewa da shi, Yaya, ina zaune ina kallo!

Shekara ashirin da biyu ina naɗa lemper yadda Inna ta koya mana, shinkafa mai danƙo ta sha madarar kwakwa, naman kaza a ciki, ganyen ayaba a waje. Ban taɓa rubuta sunana a jikin komai ba. Inna cewa take abu mai kyau shi ke sayar da kansa. Amma shekaranjiya na kama Karjo, mijina na kaina, yana cin gyaɗar Lasmi a bayan gida. Wai ba shi aka yi. Na ce to ya je can ta wanke masa riga ma.

Ga abin da ke gabana. Bayan babbar salla mai unguwa zai aurar da 'yarsa, ana zancen baƙi ɗari biyar. Duk wadda matarsa, Hajiya Rukmini, ta ba aikin nan, ita ce mai girkin unguwar nan, kowa ya san haka. Ni na yi na 'ya'yanta biyu na farko. Har yau ba ta aiko ba, kuma an ce an ga kwalbar Lasmi a kan teburinta.

Ki gaida kowa. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Warsiti

Klaten, 6 ga Afrilu, 1995

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wasiƙarki ta iso. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi. Kin ce hassada ga mai rabo taki ce. Wa ya ce miki hassada nake? Ni da na koya mata riƙon ludayi?

Na dai shiga gari na je wurin masu buga takardu. Idan hatimi ɗaya gare ta, ni takarda ɗari biyar na sa aka buga min, da jan tawada, furannina sun fi nata girma. An rubuta: "Ranar farin cikinku, ku tuna da Warsiti. Aure, suna, kaciya." Da na karɓo su sai da na tsaya a bakin titi na karanta sunana sau uku. Allah na tuba, daɗi na ji.

Sai dai rabon ne ya gagare ni. Na je bakin kasuwa da su a jaka, na tsaya, na ga mutanen da suka san ni tun ina budurwa, na kasa miƙa ko ɗaya. Na sayo albasa na dawo gida. Ita Lasmi ko kunya babu, za ta tare mutum tana dariya, "Baba, ɗanɗana mana, ba sai ka saya ba!" Ni bakina ba ya iya wannan.

Amma na samo dabara. Ranar sha biyar ga wata za a yi sadakar kwana ɗari ta mahaifiyar mai unguwa. Duk magidantan unguwa da na maƙwabta za su zo addu'a, kowa kuma zai koma gida da kwandonsa na abinci. Kwando ɗari biyu, gida ɗari biyu ke nan, ba tare da na buɗe baki ba. Kada ki rubuto ki ce komai, kafin amsarki ta zo an gama.

Ki shafa min kan jikokinki.

Taki,
Warsiti

Klaten, 19 ga Afrilu, 1995

Yaya Ponirah,

Ina gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Ni kam na shiga uku.

Kin san yadda ake yi. Tun da safe duk matan unguwa muka taru a bayan gidan mai unguwa, aikin gayya, wannan na yanka, wannan na fere, wannan na kan tukunya. Ni aka ba jeren kwanduna saboda ni ce babba. Shinkafa, ƙwai, taliya, kaza, a rufe da ganye. Da na ga hankalin kowa ya koma kan wuta, na zaro takarduna ina sa ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin murfi.

Lasmi ce kaɗai ta gan ni. Ta matso har kafaɗarta na taɓa tawa, ta ce a hankali, "Gwaggo, don Allah ki cire. Nan ba wurinsa ba ne." Na dube ta sama da ƙasa. A raina na ce, au, ashe kin san zafin abin, yau ke ce ke tsoro. Na ce mata, "Ke da kike buga sunanki har a kan gyaɗa, ni za ki koya wa wuri?" Ta koma kan tukunyarta. Na cika kwanduna ɗari biyu cif, ban tsallake ko ɗaya ba.

Bayan la'asar aka yi addu'a, maza suka watse da kwandunansu. Kafin magariba unguwa ta ɗauka. Ki duba fa, Yaya: mutum ya dawo daga yi wa mamaciya addu'a, matarsa ta buɗe kwandon sadaka, ta ci karo da jan fure da "ranar farin cikinku". Abincin da aka bayar don ladan ya isa kabarin tsohuwa, ni na mayar da shi allon talla. Ga shi mata talatin ne suka dafa, sunan mace ɗaya ya fito a ciki. Wallahi duk wannan bai zo min a rai ba sai da na ji shi a bakin mutane. Idona Lasmi kawai yake gani.

Washegari Hajiya Rukmini ta aiko min da takarduna guda goma sha ɗaya da ta tsinto daga kwandunan danginta, a cikin ambulan, ba ko kalma. Na je ba da haƙuri, ta karɓe ni a tsaye. Abin da ta ce kawai, "Warsiti, surukata ta riƙe ki kamar 'ya." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

An ba Lasmi aikin bikin. Garin neman gira na rasa ido. Karjo kuwa kwana uku ke nan yana sallarsa a gida don kunya.

Ƙanwarki,
Warsiti

Klaten, 29 ga Mayu, 1995

Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan kun yi babbar salla lafiya. Na gode da garin kofi da kika aiko, na gode kuma da ba ki ce "ai na faɗa miki" ba. An yi biki ranar Lahadin makon jiya. Abin da zan gaya miki ban gaya wa kowa ba, ko Karjo ya ɗauka lemper ɗin da ya ga ina naɗawa na wani gari ne.

Saura mako ɗaya biki Lasmi ta shigo ta ƙofar baya ta durƙusa. Ta ce, "Gwaggo, suya na iya, surutu na iya, amma lemper dubu ya fi ƙarfina. Nawa kafin azahar yake saki. Ki rufa min asiri." Ta ce Hajiya ta gindaya mata sharaɗi, ba ta son jin sunana a bikin nan ko da wasa. Wato ni in naɗa, ita ta buga hatiminta a kwali.

Na so in kore ta. Sai na ce to. Kin san dalili? Na yi niyyar in rage madarar kwakwa, in sake ɗaurin, ya lalace a hannun baƙi, kowa ya ga iyakar Girkin Lasmi. Da wannan niyyar na jiƙa shinkafa, Allah ya yafe min. Amma da na tsaya a kan tukunya hannuna ya ƙi. Na ɗebo madara kaɗan, sai na ga na ƙara. Na zaɓi ganye mai laushi, na ɗaure kowanne tamau. Ban taɓa yin lemper mai kyau irin na ranar nan ba, ina yi ina jin haushin kaina.

Na je bikin, don rashin zuwa wata magana ce. Aka zaunar da ni can gefe. Aka raba kwalaye, kowanne da furen Lasmi a kai. Ina ji ana buɗewa, sai kuma aka fara yabo. Wannan ta ce a ƙaro mata, waccan tana cusa biyu a jaka. Tsohuwa Sumi, wadda ta shekara ashirin tana sayen nawa, ta dafa gwiwata ta ce, "Warsiti, kada ranki ya ɓaci, gaskiya ɗaya ce. Yarinyar nan ta wuce ki. Naki bai taɓa kai wannan ba."

Lasmi na tsaye da faranti, ta ji. Na ga fuskarta ta canza, ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya a gaban kowa. Na girgiza mata kai. Kada ki ce kirki ne, Yaya, ba kirki ba ne. Na gwammace a ce ta fi ni, da a ce Warsiti ta koma 'yar aikin Lasmi. Na juya na ce wa tsohuwa Sumi, "Haka ne, ta iya." Na ɓare ɗaya na ci a gabanta.

Tun ranar mutane ke layi a ƙofar Lasmi suna neman lemper irin na biki. Jiya ta sake shigowa ta ƙofar baya da buhun shinkafa, idonta a ƙasa. Na karɓa.

Shekara ashirin da biyu ina jiran ranar da za a yabi hannuna haka a bainar jama'a. Ranar ta zo, na ji da kunnena, kuma sunan wata aka kira.

Ki gaida maigidanki da yara. Idan kin gama karantawa, ki sa wasiƙar nan a murhu.

Ƙanwarki har kullum,
Warsiti