Soson da Ba a Wankewa

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki da yara. Ni lafiya lau, in ban da gwiwa.

Shekara bakwai ina tambaya ɗaya, ba wanda ya amsa min. Da izinin wa yayanki Dogo ya ɗauke tankin kifin babarku daga falona? Kwana uku da rasuwarta ya zo da mota ya kwashe har tsakuwar ciki, ya bar min sawun ƙafar tebur a kan kafet. Kifi goma sha ɗaya ta bar masa amana za ta asibiti, duk suka mutu a hannunsa. Ta dawo gida ta yi sati biyu tana kallon ruwa ba kifi, sannan ta tafi. Na faɗa masa a gaban mutane shi ya kashe su. Ya sunkuyar da kai, kuma bai sake taka gidan nan ba.

Yanzu ke kuma kin aiko min da sabo, wai ya ɗebe min kewa. Mutumin da ya kawo ya zuba tsakuwa, ya dasa ciyayi, ya jona hita da wani inji mai soso a ciki, ya cika ruwa. Na ce ina kifin? Ya ce sai bayan sati shida, kafin nan kullum in barbaɗa wa ruwan abinci. Shekara talatin da huɗu ina gyaran famfo, ban taɓa jin ruwan da ke cin abinci ba. Ko dai an cuce ki, ko ni aka raina.

Ki yi haƙuri da rubutun. Wadda ta koya min riƙe biro ba ta nan balle ta gyara.

Babanki.

*

Baba,

Barka da war haka. Yara suna gaida kakansu, ƙaramin ya ce a sa wa kifi ɗaya sunansa.

Ba a cuce ni ba, ba a kuma raina ka ba. Kashin kifi guba ne ga kifi. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su suke cinye gubar, a cikin soson injin nan kuma suke zama. Sabon tanki ba shi da su, sai an jira sun taru. Abincin da kake barbaɗawa idan ya ruɓe, shi za su ci kafin kifi su iso. Ka ga ashe baƙi kake ciyarwa.

Duk kwana biyu ka ɗebi ruwan a 'yar kwalbar gwaji, ka ɗiga maganin da mutumin ya bar maka. Kore na nufin da sauran guba. Ranar da ya zama rawaya ya tsaya a haka, ka kira shi ya duba sauran. Idan ganye ya ruɓe ko ruwa ya yi hazo, kada ka damu, zai washe da kansa.

Abu ɗaya nake roƙonka, don na san hannunka, in ka ga datti sai ka ga bayansa. Kada ka wanke soson nan da sabulu ko ruwan famfo, komai baƙinsa. Dattin nan shi ne ran tankin. In aka wanke, ruwa zai yi garau kamar madubi, kifi kuma su mutu ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan kwanaki.

Maganar Yaya kuwa, Baba, a bar ta tukuna. Ka riƙa shafa maganin gwiwar.

'Yarka, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Sati uku ke nan ina ciyar da baƙinki. Ganye huɗu sun narke, ruwa ya yi hazo ya washe kamar yadda kika ce, gilashi ya yi tsatsa-tsatsa. Ban taɓa ba, na kame hannuna. Kwalba kuwa kore shar, ba ta da niyyar canjawa. Maƙwabcina tela ya leƙo ya ce wane irin kifi ne wannan da ba a gani, na ce irin masu kunya ne.

Maganar soson nan. Na karanta wurin sau huɗu, da yatsa.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, don ba abin faɗa ba ne. Ranar da likita ya ce saura kwana biyar a sallami babarku, na dawo na share gida. Na buɗe injin tankinta na ga soso baƙi ƙirin yana wari. Na ce mace za ta fito daga asibiti ta tarar da wannan ƙazanta? Na wanke shi da sabulu, na jiƙa a bilic, na shanya a rana har ya yi fari. Na sauya ruwan gaba ɗaya da na famfo. Washegari yayanki ya zo ba su abinci, ya buɗe injin, ya sunsuna soson, ya dube ni. Na zaci yabo ne ya maƙale masa.

Ba cewa nake ni ne ba. Tsabta ba ta taɓa kashe kowa ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, wannan ko ni da ban shiga aji ba na sani. Ki gaya min gaskiya, ke kin yi karatu.

Babanki.

*

Baba,

Na samu wasiƙarka, na daɗe riƙe da ita kafin na iya ɗaukar biro. Da na tuna, da ban rubuta maganar soson haka ba. Ko kuwa na tuna ɗin ne, ni ma ban sani ba.

Ba na gidan a lokacin. Abin da na sani a bakin Mama na ji, ta kuma sa mu biyu muka yi mata alƙawari a kansa. Ni nawa mai sauƙi ne, shiru kawai. Na Yaya ya fi nauyi, shi kuma ya ɗauka. Ba ni ya kamata ka tambaya ba.

Abin da zan iya faɗa maka shi ne tankin Mama yana nan da rai a ɗakinsa. Ya sake tada shi daga tsakuwarta da ciyawar da ta rage. Mai faɗin ganyen nan da take kira kunnen zomo ta cika shi har tana leƙowa. Kuma in aka samu guntun tsohon soso daga tanki mai rai aka sa a sabo, baƙin suna zuwa da iyalansu, jira ya ragu. Na rubuta adireshinsa a bayan takardar nan.

Allah ya ƙara maka lafiya, Baba. Ka yafe min.

Auta.

*

Dogo,

Sallama. Ni ne, in ka manta rubutuna.

Ƙanwarka ta ajiye min tanki, ruwansa ya ƙi nuna balle a zuba kifi. An ce sai da guntun soso daga tsoho. Tankin da ke wurinka na matata ne, don haka ba roƙo nake ba. Ka yanko ka aiko.

An ce ka yi furfura. Ban yarda ba.

Akwai wata magana kuma. Ranar da ka sunsuna soson nan ka dube ni, me ka ji? Babarku ta ce ka ɓoye min wani abu? A gaban mutane na faɗa maka magana, ka sunkuyar da kai kamar mai laifi. Ɗa ba ya barin ubansa ya yi ta zuba a kan kuskure shekara bakwai. In ka yi haka, wannan ma laifi ne, kuma naka ne.

Ka gaida iyalinka. Yarinyar da aka haifa bayan rasuwar, ko sunanta a bakin wasu na ji.

Babanka.

*

Dogo,

Saƙo ya iso. Kwalba ɗaya, ruwa mai duhu, soso baƙi, da reshen kunnen zomo a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Na zazzage kwalin, na farke gindinsa, na duba cikin murfin. Ko layi ɗaya babu.

Soson yana wari irin na wancan. Na kai shi bakin famfo kafin na san na kai shi, na tsaya da hannuna a kan makunni. Ban buɗe ba. Na sa shi a injin da dattinsa.

Yau kwana tara. Kwalbar gwaji ta yi rawaya ta tsaya, reshen ya fitar da ganye biyu. Mutumin ya zo ya gwada, ya ce ko gobe a zuba kifi. Na ce ya jira. Ba zan sa mai rai a hannun nan ba sai na san abin da ya aikata.

Babarku tana zaune a kujerar nan sati biyu, ni ina kawo mata shayi ina zaginka, ita tana cewa a bar maganar. Ta sani a lokacin? Ni ne?

Ina nan ina barbaɗa wa ruwa abinci. Kalma ɗaya ce, ko ni zan iya karanta ta ba da yatsa ba. In ba za ka rubuta ba, ƙofa tana inda ka bar ta. Ka amsa min, Dogo. Ubanka ne ke tambaya.