Na Faɗi Sunan Baba a Taron Masu Barin Giya

Yaya Safara'u,

Gaisuwa daga Fatakwal. Ya Inna da ƙafarta? Ina fata ruwan bana bai cinye muku shinkafa ba.

Ni lafiya ƙalau. Sai dai zazzaɓin nan da nake ta gaya muku, Yaya, giya ce. Yi salatin a hankali.

Likita ya tura ni taron masu son bari. Ƙa'idarsu, sunanka kaɗai za ka faɗa, don rufin asiri. Ni kuwa ban iya faɗin suna tsirara ba. Na miƙe na ce, "Badaru ɗan Malam Gana mai kifi, daga Haɗejia."

Sai wani dattijo ya ce, "Gana mai kwalekwalen nan da ke yoyo?"

Ashe mutumin Guri ne, shekararsa shida da bari. Kullum sai ya kira ni. Ba ya wa'azi, cewa kawai yake, "Ya Malam Gana?" Nan take ƙishin ke gudu.

Yau kwanana arba'in. Hannuna na ɗan rawa, amma da sauƙi. A aiko mini da busasshen kifi, a sa ni a addu'a.

Ki ce wa Inna ta kira ni duk sanda ta so. Na daina cewa babu sabis.

Ƙaninki,
Badaru