A Samar wa Iyayenmu Mata Mace Mai Yi Musu Bayanin Kansar Mama

Zuwa ga Maigirma Shugaban asibitin da aka yi wa mahaifiyata aiki, Damagaram.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da likitocinka, har da masu shara. Sunana Lawali, manomi ne daga karkarar Tirmini, da rani kuma ina kabu-kabu da babur a birni. Karatuna bai wuce firamare ba, sai a yi haƙuri da rubutun.

Na farko, godiya. Shekara huɗu ke nan Inna ta ji wani ƙullutu a mamanta, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ba ciwo ba komai. Sai ta faɗa wa matata, ita kuma ta matsa har muka zo. Kuka duba, kuka ce kansar mama ce, kuka cire. Yau ga Inna can tana suyar ƙuli-ƙuli tana faɗa da jikoki. Allah ya saka muku da alheri.

Na biyu shi ne kukana. Ranar da sakamako ya fito, likita ya yi bayani da Faransanci, ya ce ni in fassara mata. Ranka ya daɗe, ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "wancan yaron". Yaya zan dubi idonta in yi mata zancen mamanta? Ta juya fuska ga bango, ni kuma na sunkuyar da kai. Rabin maganar ma ban gane ba, wadda na gane kuma kunya ta hana ni faɗa. Likita ya ga mun yi shiru, ya ɗauka mun fahimta.

Ita kuwa shiruna ta ɗauka a matsayin amsa. Muna komawa gida ta fara bin maƙwabta gida-gida tana neman gafara. Ta raba awakinta uku, ta ba ƙanwarta Gwaggo Hinda tukunyar suya. Maganin da kuka ce ta riƙa sha kullum ta tura ƙarƙashin gado, wai mai tafiya ba ya buƙatar ƙwaya. Wata huɗu muna zaman makokin mace mai rai.

Da ƙyar na kawo ta randebu, wato ranar da kuka sa mata ta dawo a duba ta. A bencin jira wata ungozomarku mai suna Madam Rakiya ta ga tana hawaye, ta karɓi takardar sakamakon ta karanta, ta kore ni waje. Daga baya matata, da aka bari tare da su, ta ba ni labari. Madam Rakiya ta ce wa Inna: "Haba Inna, wa ya ce miki mutuwa za ki yi? Naki ƙarami aka kama, bai kai hammata ba. Irinku mafi yawa tsufa suke yi har su gaji jikoki da surutu. Rai na Allah ne, amma ki sha maganinki, kuma duk randebu ki zo, don in ya yi niyyar dawowa mu riga shi." Zancen bai kai shan shayi ɗaya ba. Washegari Inna ta aika a karɓo mata tukunyarta. Awakin dai biyu suka dawo, ɗaya an riga an yi suna da ita.

Na uku, abin da ya sa na ɗauki biro. Yanzu Gwaggo Hinda ce ta ji irin wannan ƙullutun. Ta ƙi zuwa. Ta ce ita ta ga wata huɗun nan da idonta, ba za ta je a yanke mata hukunci da yaren da ba ta ji ba. Kullum ina lissafin kwanakin da ke wucewa, domin na san abin da ya ceci Inna shi ne zuwa da wuri.

Roƙona biyu ne. A ajiye mace mai jin Hausa a ɗakin bayani, kada a sake sa ɗa ya tsaya tsakanin uwarsa da likita. Kuma wadda aka kama nata da wuri, a faɗa mata ƙarara cewa akwai rayuwa a gaba, kada a bar ta ta karanto a fuskar ƴaƴanta.

Inna ta lallashi Gwaggo, har Gwaggo ta ce za ta zo in mace ce za ta yi mata magana. Inna da kanta ta ce wa matata: "Ki faɗa wa wancan yaron ya zuba mai a babur, Litinin mu biyu zai ɗauka." Don Allah mu tarar da Madam Rakiya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa hannunku ya ci gaba da zama waraka.

Wassalam, daga mai godiya,
Lawali, ɗan farin Inna.