Sunan Jam'iyyar Maialen

Greensboro, 4 ga Maris

Maman Lamine,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ƙafar Inna? Yau shekara tara da wata biyu rabona da Maraɗi, ban taɓa rubuto miki magana mai nauyin wannan ba. A waya na kasa.

Kin san bayan aikin sito na Wendover ina yi wa wani lauya fassarar takardu daga Faransanci zuwa Ingilishi. A Nuwamba aka miƙo mini dosiye, wato tarin takardun wata malamar yara, Maialen, da ke zaune a Glenwood. 'Yar Basque ce, mutanen kan iyakar Faransa da Sifen, masu yarensu daban. Girin kad take nema, takardar zama a Amurka na dindindin, kuma dole ta bayyana duk ƙungiyar da ta taɓa shiga. Ta kawo katin wata jam'iyyar garinsu. Komai da Faransanci yake, ban da sunan jam'iyyar, kalma uku da yarensu.

Ƙa'idar aikinmu, sunan da ba ka sani ba ka bar shi yadda yake, ka tambaya. Ni kuwa na taso daga sito ƙafa a kumbure, bas na shirin wuce ni, ga girman kai: ni Hassoumi da na koyar a lise, babbar sakandare, zan ce ban sani ba? Iyakar sanina da Basque shi ne labarin bama-baman da muke ji a rediyo muna samari. Sai na rubuta wai ƙungiyar gwagwarmayar ƙwatar ƙasa ce, na sa hannu ƙarƙashin rantsuwar cewa fassarar daidai take.

Yanzu an tsayar da takardunta ana bincike. Mahaifinta na kwance ba lafiya a can garinsu, in ta fita ba damar dawowa. Jiya ta zo ofis tana mamakin abin da ake nema da jam'iyyar da sunanta Haɗuwar Mutanen Kwari, wadda duk rigimarta burtalin tumaki ne da makarantar yare. Ba ta duba fassarar ba, ta yarda da ni. Har godiya ta yi mini, Maman Lamine. Na amsa.

In na faɗi gaskiya aikin ya tafi. Ki taya ni addu'a.

Mijinki,
Hassoumi

Greensboro, 19 ga Mayu

Maman Lamine,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi. Na ji saƙonki, kin ce in faɗa. Sai da na ƙara sati uku ina jan ƙafa, ba zan ɓoye miki ba.

Na faɗa wa lauya, na rubuta gyara da sabuwar rantsuwa, na bar sunan da yarensu kamar yadda ya kamata tun farko. Ya sallame ni a ranar. Ban ga laifinsa ba. An ba Maialen izinin tafiya ranar biyu ga wata. Mahaifinta ya rasu kwana goma sha ɗaya kafin nan. Ki lissafa da sati ukun nan nawa, ni kullum ina lissafawa.

Na je Glenwood ta'aziyya. Ta buɗe ƙofa, ta saurare ni har ƙarshe, ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta tambaye ni ko ni ma ana hukunta ni da suna tun kafin in buɗe baki. Shekara tara ina tsine wa masu yi mini haka.

Kin tambayi abin da ya rage mini. Aikin sito, kwana huɗu a sati. Ƙamus biyu. Takarda ɗaya da na gyara, bayan ba ta da sauran amfani ga tsohon. Shi ke nan.

Ki gaida Lamine da Djamila.

Mijinki,
Hassoumi