Ilu ya kai maganar ciwona fada

Talata, bayan sallar Isha'i

Har yanzu haushi bai sake ni ba. Mutum ɗaya na gaya wa abin da likita ya ce a Maraɗi, wato ƙanena Ilu: ƙullutun da ke nonona na hagu sankara ce, sai an yanke. Yau na je fada, majalisar da muke shan shayi, na tarar kowa ya sani.

Sani mai faci ne ya fara: "Malam Habu, ashe ciwon mata ya kama ka? Ko a ɗinka maka rigar mama?" Aka kwashe da dariya. Ilu na zaune, ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Na ɗaga rigata, na nuna masu yadda kan nonon ya shige ciki yana tsattsafar jini. Na ce, "Ku duba da kyau, kowanenku nono gare shi." Na sauke rigar, na yi tafiyata gida.

Ɗazu Ilu ya zo yana ta sallama, wai zai raka ni asibiti aikin da za a yi mini ranar Alhamis. Na ƙi fita. Ina tsoron wuƙar nan ƙwarai, amma gara in farka ba kowa a kaina da in buɗe ido in ga fuskarshi.